Tsohon dam: birni na so ya cika, injiniya na so a rage

Da misalin ƙarfe shida na safiyar 9 ga Fabrairu, 1971, ƙasa ta girgiza a kwarin San Fernando da ke arewacin Los Anjeles a Amurka. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta lafa. Da gari ya ƙara wayewa sai aka ga abin da ya sami tsohon dam ɗin tafkin Van Norman, ɗaya daga cikin rumbunan ruwan shan birnin. Gefen da ke kallon ruwa ya zame ya zube cikin tafki, ya tafi da kan ginin. Siririn tudu kawai ya rage, wanda bai wuce mita ɗaya da rabi a saman ruwa ba. Aka tashi mutane wajen 80,000 daga gidajensu, aka kwashe kwanaki ana zuƙe tafkin. An auna arziki ne saboda tafkin bai cika ba a wannan safiya. Tun 'yan shekaru kafin nan aka daina cika shi har iyakarsa, bayan masu duba ginin sun nuna shakku a kansa.

Duk wata muhawara kan gyaran tsohon dam, komai yawan takardunta, a kan tambaya ɗaya take tsayawa: a ina za a tsai da ruwan? Hukumar da ke ba birni ruwan sha rumbu take gani, kowane taƙi da ya ƙaru kwanaki ne na rufin asiri idan fari ya zo. Injiniyan da aka ɗora wa alhakin lafiyar ginin kuwa kaya yake gani a kan tsoho. Kuma babu mai ƙarya a cikinsu. Mita kubik ɗaya na ruwa tan ɗaya ne. A zurfin mita goma, kowane murabba'in mita na bango yana shan matsin tan goma, kuma in zurfi ya ninka biyu, jimillar turin da ruwa ke yi wa bangon ninkawa huɗu yake yi. Ga kuma siffar kwari, ƙasa a tsuke, sama a buɗe. Saboda haka mita biyu ko uku na can sama su ne suka fi kowane sashe ɗaukar ruwa, su ne kuma suka fi takura wa dam. A kan waɗannan 'yan mitoci ake duk rigimar.

Maganar ta game duniya. Hukumar ICOLD, wadda aka kafa a 1928 don tattara ilimin manyan madatsun ruwa, tana kiran dam babba idan tsayinsa daga tushe ya kai mita 15, ko ya kai mita 5 yana kuma riƙe da ruwan da ya haura mita kubik miliyan 3. Irin waɗannan sun fi 58,000 a kundinta. Wani rahoto na Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2021 ya nuna akasarinsu tsakanin 1930 da 1970 aka gina su, da lissafin za su yi aiki shekara 50 zuwa 100. Kowa ya iya ƙidaya ya san inda aka iso.

Sai dai kada a ɗauka dam yana tsufa kamar mota, ko'ina ya lalace tare. Tarin ƙasar da aka daddale da kyau shekara tamanin da suka wuce yana iya zama daram har yau. Ƙarfen ƙofofi ne ke tsufa, da bututun da ke binne, da magudanan da suka toshe. Akwai kuma tsufan da bai taɓa ginin ba ko kaɗan, lissafin da aka ɗora shi a kai ne ya tsufa. Wanda ya zana dam a 1940 da bayanan ruwan sama na shekara ashirin ko talatin ya yi aiki. Bai san yadda jiƙaƙƙen yashi ke sakin jiki ya koma taɓo idan ƙasa ta girgiza ba, wanda shi ne abin da ya faru a Van Norman. A zamaninsa gonaki ne a ƙasan dam, yau unguwanni ne da makarantu da asibitoci. Ginin bai motsa daga inda yake ba, amma abin da za a rasa in ya fashe ya ninninka.

Mazubar da ta yi kaɗan

Kaso mai tsoka na kuɗin gyara a mazuba yake ƙarewa, wato hanyar da aka tanadar wa rarar ruwa ta fice idan tafki ya cika. Galibin madatsun duniya da cikon ƙasa da duwatsu aka yi su. Irin wannan gini zai tare ruwa mai zurfin mita hamsin shekara da shekaru, amma ba ya jure ruwa iya gwiwa ya bi ta kansa na 'yan sa'o'i. Ruwan zai fara cin bayan ginin, ya yanka kwazazzabo, kwazazzabon ya yi ta ci yana matsowa har ya iso tafki. Daga nan babu mai tsayar da shi.

An tsara dam ɗin Banqiao a lardin Henan na ƙasar Sin ya jure ambaliyar da ake sa ran irinta sau ɗaya a shekara 1,000. A watan Agustan 1975 guguwar Nina ta zubar da ruwan sama fiye da mita ɗaya cikin kwana uku, ruwa ya haure dam ɗin, madatsu 62 suka ɓalle a yankin. Alƙaluman hukuma sun ce mutane wajen 26,000 ruwan ya ci kai tsaye, ban da ɗimbin da yunwa da annoba suka bi ta kansu daga baya. Wannan "sau ɗaya a shekara dubu" yana ruɗar mutane. Ma'anarsa ita ce a kowace shekara, har da bana, akwai yiwuwar ɗaya cikin dubu, kuma ƙiyasi ne da aka ciro daga ɗan gajeren tarihi. Shi ya sa a ƙasashe da dama yanzu doka ke buƙatar dam ɗin da ke saman gari ya iya fitar da mafi girman ambaliyar da yanayin yankin zai iya haifarwa. Da wannan ma'auni, ɗimbin tsofaffin mazubai sun faɗi jarrabawa ba tare da ko tsaga ɗaya a jikinsu ba.

Yawan ruwan da mazuba ke fitarwa ya dogara da tsawon leɓenta da zurfin ruwan da ke bi ta kansa. In akwai wuri, sai a faɗaɗa ta ko a fasa sabuwa a gefen dutse. In wurin a matse yake, sai a gina leɓen shiga da fita kamar haƙoran zarto, ta yadda dogon bango zai naɗe cikin ɗan gurbi, ruwa ya sami baki mai tsawo. Kamfanin lantarkin Faransa ya fara aiki da wani sabon salo na wannan dabara a dam ɗin Goulours a 2006, kuma ya bazu. Akwai kuma ɗan tudun da ake ginawa da rauni da gangan, wanda zai wanke da kansa idan ruwa ya kai wani mataki ya buɗe hanya, kamar fiyus ɗin lantarki da ke ƙonewa don gida ya tsira.

Dam ɗin Warragamba, mai ba Sidni ta Ostareliya kusan kashi 80 cikin 100 na ruwanta, an gama shi a 1960. Da aka sake lissafin ambaliya sai aka ga ruwa zai iya haure shi. A ƙarshen shekarun 1980 aka ƙara masa tsayin mita 5, aka zura igiyoyin ƙarfe ta cikin jikinsa aka ja su tamau don su danne shi, sannan a 2002 aka kammala sabuwar mazuba a gefe mai irin waɗancan tuddai masu wankewa. Duk wannan ɗawainiya ba ta ƙara wa Sidni ko lita ɗaya ta ruwan sha ba. A riƙe wannan, domin a nan gyaran dam ke yin tuntuɓe a teburin kasafi.

Girman mazuba ma bai isa ba in jikinta ba lafiya. Dam ɗin Oroville a Kalifoniya, mai tsayin mita 235, shi ne mafi tsayi a Amurka, an gama shi a 1968. Ranar 7 ga Fabrairu, 2017, ma'aikata suka lura ruwan da ke gangarowa a babbar mazuba yana fantsama ta inda bai saba ba. Da aka rufe ƙofofi sai ga wagegen rami a tsakiyar daɓen kankare. Ruwan sama bai daina ba, tafki ya ci gaba da hawa, ranar 11 ga wata ya fara zuba ta mazubar ko-ta-kwana, karo na farko tun da aka gina dam ɗin. Ita kuwa leɓen kankare ne kawai, ƙasansa gangaren tudu ne mai ciyawa da bishiyoyi. Cikin kwana ɗaya ruwa ya cinye tudun, zaizayar ta doshi gindin leɓen, aka ce mutane kusan 188,000 su bar gidajensu. Masu bincike suka gano cewa tun ran gini tun ran zane. Daɓen ya yi sirara a saman bututun magudana, an shimfiɗa wani sashensa a kan ruɓaɓɓen dutse, tsagogi sun bayyana tun farkon shekaru aka yi ta liƙe su har ido ya saba. Ruwa ya shiga ta tsaga, ya taru a ƙasa, ya ɗaga kankaren. Gyara ya ci dala biliyan 1.1. Tun a 2005 wasu ƙungiyoyin kare muhalli suka nemi a daɓe wancan tudu da kankare, aka ce musu ba buƙata.

A Ingila kuma, a Agustan 2019, aka kwashe mutane wajen 1,500 daga garin Whaley Bridge saboda dam ɗin Toddbrook. Tarin ƙasar tun wajejen 1840 yake tsaye. Abin da ya ɓare shi ne mazubar kankaren da aka ƙara masa wajejen 1970 da sunan inganta tsaro. Gyaran jiya ma yana tsufa.

Kwalba a hasken rana

Duk dam yana yoyo, kuma masu zane sun san da haka. Mai duba dam ba ya ɓata lokaci sosai a saman ginin, gindin baya yake sauka, inda ciyawa ta fi yin kore. A can akwai 'yan magudanai da ke tattara ruwan da ya ratso, kowanne da farantin ƙarfe mai yanka kamar harafin V, ruwa na zuba ta bakin yankan. Zai karanta tsayin ruwan a jikin ma'auni, ya rubuta, ya kwatanta da na makon jiya da matakin tafki. Sannan ya cika kwalba ya ɗaga ta ga hasken rana. In ruwan garau yake, lafiya lau. In ya ga ya ɗan yi duhu, ko ya ajiye kwalbar minti goma ya tarar yashi ya kwanta a ƙasanta, to ranar ba zai koma gida da wuri ba. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan yashin daga cikin jikin dam ya fito, kuma inda ya baro ya zama ɗan kogo. Ruwa zai ƙara gudu ta kogon, ya ƙara ɗibar ƙasa, kogon ya yi ta tsawo yana komawa baya har ya huda zuwa tafki.

Yadda abin ke gudu idan ya kankama, dam ɗin Teton na jihar Idaho a Amurka ya nuna. Sabo ne ma, mai tsayin mita 93, ana cika shi karon farko. Safiyar 5 ga Yuni, 1976, aka ga ruwa mai laka yana fita daga gefen dama. Aka tura katafila biyu su danna duwatsu cikin ramin, ramin ya haɗiye su, da ƙyar aka janye direbobin da igiya. Kafin ƙarfe sha biyun rana dam ya ɓare, mutane 11 suka rasu.

Maganin ba shi da ƙyalli ko kaɗan. Matata ce ta yashi da tsakuwa da aka tankaɗe aka jera su daki-daki, ƙananan ƙwayoyi a ciki, manya a waje, ta yadda ruwa zai wuce amma ƙasa ta maƙale. Karl Terzaghi, wanda ake kira uban ilimin ƙasar gini, shi ya fara tsara ƙa'idar girman ƙwayoyin. Madatsun da suka riga wannan ilimi ba su da irin wannan matata, don haka a gyara akan ɓare fatar bayan ginin, a shimfiɗa matata da magudana, a danne su da sabon tarin ƙasa da zai ƙara wa gindin nauyi. A ganina wannan shi ne aikin da ya fi kowane amfani idan aka auna da kuɗinsa, kuma shi ne wanda ba wanda zai je ya ɗauki hoto a gabansa.

Idan matsalar a tushe take, lamarin ya fi tsada. Dam ɗin Wolf Creek a jihar Kentucky a kan dutsen farar ƙasa yake zaune, mai cike da kogunan da ruwa ya narkar. A 2007 aka sauke tafkin da wajen mita 12, aka tona ta tsakiyar dam ɗin har cikin dutse aka zuba bangon kankare mai zurfin fiye da mita 80. An gama a 2013 a kan kusan dala miliyan 600. Dam ɗin Mosul a Iraƙi kuwa, da aka gina a shekarun 1980 a kan dutsen da ke narkewa a ruwa, ya zama majinyacin da ba ya rabuwa da allura. Ɗura masa siminti ake yi ta ƙarƙashi ba ƙaƙƙautawa, kuma tsoron duniya ya tashi a 2014 lokacin da yaƙi ya katse aikin.

Ƙananan abubuwa ma suna kisa. Bishiya a jikin dam ado ce har ranar da ta mutu saiwoyinta suka ruɓe suka bar hanyoyi. Ramin gafiya da gidan gara haka. Tsohon bututun ƙarfe da ya ratsa ta cikin tarin ƙasa, in bawul ɗinsa a bakin waje yake, to kullum cike yake da ruwa mai cikakken matsin tafki, kuma ranar da tsatsa ta huda shi a tsakiyar dam zai yi feshi. Gyaransa shi ne a zura sabon bututu a cikin tsohon, a cike tsakaninsu da siminti, a mai da bawul gefen tafki.

Ƙofofi kuma ba a sanin halinsu sai ranar buƙata, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. A Yulin 1995 wata ƙofar dam ɗin Folsom a Kalifoniya ta karye ana cikin ɗaga ta, saboda tsatsa ta cije sandar da take juyawa a kai, kusan kashi 40 cikin 100 na tafkin ya tsere kafin a toshe. A dam ɗin Kariba, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, kankaren 1959 ne ke kumbura a hankali, saboda sinadarin siminti na faɗa da na tsakuwa, har ana tsoron wata rana ba za a iya sarrafa ƙofofinsa shida yadda ya kamata ba. Ruwan da ke faɗowa daga ƙofofin kuma ya haƙa kwatami mai zurfin wajen mita 80 dab da gindin bangon. Gyaran abubuwan nan biyu aka ware wa kusan dala miliyan 294, da tallafin Tarayyar Turai da Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka da Suwidin.

To, ruwan shan fa?

Matakin farko da ake ɗauka da zarar an yi shakkar dam shi ne a rage masa ruwa. Ba ya buƙatar ɗan kwangila, kuma nan take yake aiki. Amma birni ne ke biya. Dam ɗin Calaveras, ɗaya daga cikin masu shayar da yankin San Faransisko, an gama shi a 1925 dab da wata tsagar girgizar ƙasa. A 2001 hukumar kula da lafiyar madatsu ta jihar ta ce kada ruwansa ya wuce wajen kashi 40 cikin 100. Aka yanke shawarar gina sabo a ƙasansa kaɗan, aka fara a 2011. Ana cikin tono sai aka ci karo da tsohuwar zabtarewar ƙasa a gefen tudu, aka sake zane, kuɗi suka haura dala miliyan 800, ba a gama ba sai 2019. Shekara goma sha takwas ke nan tafki na zaune da ƙasa da rabin cikinsa, har da shekarun da Kalifoniya ta sha mummunan fari. Wanda ya ce gyaran tsaro ba ruwansa da ruwan famfo, a nuna masa wannan.

Ko dam lafiyarsa ƙalau, rumbun raguwa yake. Kogi yana shigowa da laka da yashi, yana iso ruwa tsayayye sai ya sauke kayansa. Ƙiyasin da masana suka fi kawowa shi ne duniya na asarar tsakanin rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin 100 na cikin tafkunanta kowace shekara. Daga sama ba a gani, tafki zai yi ta sheƙi kamar da, sai an bi shi da kwale-kwale da na'urar auna zurfi. Birnin da ke lissafin ajiyarsa da alƙaluman ranar buɗe dam yana yaudarar kansa. Yashe lakar yana da tsada ƙwarai, ga neman inda za a jibge ta. Ya fi sauƙi a hana ta zama: a buɗe ƙofar ƙasa lokacin da kogi ya zo da taɓo, ko a kewaye da ita. A Kobe ta Japan, dam ɗin Nunobiki na 1900 an yi masa ramin kewaye tun 1908, ruwa mai laka ya bi ta gefe ya wuce, kuma har yau yana aiki.

Sai bakin da ake ɗibar ruwan. Tafki yana iya samun ruwa birni na ƙishi, in bututun ɗiba ya tsaya a sama. A farin 2018, lokacin da aka ƙayyade wa mazauna Cape Town ta Afirka ta Kudu lita 50 a rana ga kowane mutum, an shirya rufe famfuna idan madatsu suka sauka zuwa kashi 13.5 cikin 100, saboda kashi 10 na ƙarshe da wuya a iya ɗibarsa. Las Vegas ta Amurka ta hango nata tun da wuri. Ta haƙa rami mai tsawon kusan kilomita 5 a ƙarƙashin tafkin Mead ta ɓullo ta ƙasansa, aka gama a 2015 a kan dala miliyan 817. Wasu suka ga almubazzaranci ne. A 2022 tsohon bakin ɗiba na farko ya fito fili yana shan iska.

Zurfi ba shi kaɗai ake dubawa ba. Lokacin zafi ruwan tafki yakan rabu hawa-hawa. Na sama ɗumi ne, gansakuka ke yaɗo a cikinsa tana sa masa wari. Na can ƙasa sanyi ne, iskar cikinsa ta ƙare, yana narkar da sinadaran ƙarfe daga laka, waɗanda ke ɓata launin ruwa su baƙanta bututu. Hasumiyar ɗiba mai bakuna a matakai daban-daban tana ba matatar ruwa zaɓi, yau ta nan, gobe ta can, kuma wannan kaɗai yana rage kuɗin magani.

Ƙara tsayin dam shi ne abin da 'yan siyasa suka fi so, don ana ganinsa daga nesa. Wani lokaci ya dace. San Diego ta ɗora wa dam ɗin San Vicente na 1943 ƙarin mita 36 na kankaren da ake shimfiɗawa ana dannewa da rola kamar titi, aka gama a 2014, cikinsa ya fi ninka biyu. Amma galibin ruwan da ke cika shi ta bututu ake kawo shi daga nesa. Inda kogi ne kaɗai madogara, tambayar farko ita ce sau nawa tafkin yake cika har ya zubar. In sau ɗaya ne a shekara goma, ƙarin bango ba zai sa a yi ruwan sama ba, sai dai ƙarin fili ga rana ta sha. Ga gonaki da gidajen da ruwa zai ci. A birane da yawa kuma kashi ɗaya cikin uku na ruwan da aka tace, ko fiye, a fasassun bututu yake ɓacewa. Ni dai da wuya a gamsar da ni da ƙarin tsayi kafin a nuna mini an toshe wannan.

Mai sha daban, mai nutsewa daban

Abin da ke dagula lissafi shi ne sau da yawa masu shan ruwan ba su ne ke kwana a ƙasan dam ba. Dam ɗin Mullaperiyar a kudancin Indiya, wanda aka gama a 1895 da duwatsu da farar ƙasa da garin jan bulo, a jihar Kerala yake, amma jihar Tamil Nadu ke sarrafa shi tana karkatar da ruwansa, bisa yarjejeniyar haya ta shekara 999 da aka ƙulla a 1886. An tsara shi ya riƙe ruwa mai zurfin ƙafa 152. A 1979 aka tsai da shi a 136 saboda fargaba. Tamil Nadu ta ƙarfafa ginin ta nemi a maido mata ruwanta, Kerala ta ce sai dai sabon dam. A 2014 Kotun Ƙolin Indiya ta amince da ƙafa 142. Shekaru talatin da biyar ana shari'a da zanga-zanga a kan ƙafa shida.

Inda babu mai tsayawa a kan maganar kuma, Darna ta Libiya ta nuna ƙarshenta. Madatsu biyu da wani kamfanin Yugoslabiya ya gina a shekarun 1970 sun daɗe ba kulawa, kuma a 2022 wani masanin ruwa na Jami'ar Umar al-Mukhtar ya wallafa gargaɗi a fili. Daren 10 wayewar 11 ga Satumba, 2023, guguwar Daniel ta cika su, na sama ya fashe ya tafi da na ƙasa. An tabbatar da mutuwar fiye da mutane 4,000, dubbai sun ɓace.

Biritaniya ta koyi nata darasin a 1925, lokacin da ɓallewar dam a Dolgarrog ta yankin Wales ta kashe mutane 16. Dokar da ta biyo baya a 1930, aka sabunta ta a 1975, ba ta da wani sihiri. Duk babban tafkin da fashewarsa ke iya cin rai sai injiniya mai zaman kansa, wanda ba ma'aikacin mai dam ba, ya duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara goma, kuma abin da ya ce a gyara don tsaro dole ne. Tun 1925 ba a sake rasa rai a ƙasar ta dalilin fashewar dam ba, duk da tarin madatsunta da suka haura shekara ɗari. Taswirar inda ruwa zai bi, da jiniya, da sanin wa zai kira wa da ƙarfe biyun dare, su ma cikin gyara suke, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kankare.

Shi kansa aikin tiyata ce ga majinyacin da ba a ba shi hutu ba. Ba za a ce wa birni ya daina sha na shekara huɗu ba, don haka kafin a taɓa dam sai an haɗa bututu da wata majiya, ko a girke famfuna a kan jirgin ruwa mai shawagi su ci gaba da ɗiba. Sabon bakin ɗiba masu nutso ne ke haɗa shi a duhun ƙarƙashin ruwa, ko a bayan shingen ƙarfe na wucin gadi. Ba a rushe tsohuwar mazuba sai sabuwa ta tsaya da ƙafarta, kuma duk jadawalin da rani ake ɗaure shi. In damina ta riski ɗan kwangila da gindin dam a tone, to a ranar ginin ya fi kowane lokaci rauni tun da aka yi shi. Saboda haka ƙananan yankuna ake tonewa, a cike, kafin a matsa gaba.

Ko an kwashe katafilu ba a gama ba. Sabuwar ƙasa da sabon kankare ba su taɓa ɗaukar ruwa ba, kuma ɗimbin madatsun da suka fashe a tarihi a cikon farko ko 'yan shekarun farko suka fashe. Don haka a hankali ake barin tafkin ya hau, mita kaɗan, a tsaya makonni, a karanta na'urorin matsin ruwa da aka binne a jikin ginin, a auna ko kan dam ya motsa da milimita, sannan a ƙara. Hukumar ruwa na ta bugo waya tana tambayar yaushe za a kai sama, shi kuwa mai duba dam yana can gindin baya da kwalbarsa.